AKWATIN ƁOYE DA SUNAYEN MAZAN JIYA: darasi ga kwarin Komadugu daga labarin Bud Fowler

Daga ƙarshen watan Disamba na shekarar 2022 zuwa shigowar Janairu na 2023, garin Diffa ya sauki baƙi irin waɗanda ya daɗe bai gani ba. Jahohin Nijar takwas suka turo ƴan kokowarsu, kowace jaha mutum goma, aka yi kwana da kwanaki ana gumurzu, har Kadri Abdu na Doso, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya ɗaga takobi. Yaron da ke tallan ruwan sanyi a bakin fili ya san sunansa, ya san waɗanda ya kayar da irin kayen da ya yi musu. Amma da za a tare yaron nan a tambaye shi wane ne ya gagari maza a Geskeru, ko Boso, ko Cetimari a zamanin kakansa, tun kafin rediyo ta fara shigo da kokowa cikin gidaje, da wuya a sami amsa. Babu inda aka rubuta sunayen, babu kuma inda aka taɓa kai shi aka ce ga wurin da abin ya faru.

Wannan ciwo na mantuwa bai tsaya ga kwarin Komadugu kaɗai ba. A Amurka ma an yi gwanayen wasa baƙar fata waɗanda suka mutu aka rufe su babu ko alama a kan kabari. Sai dai a can akwai wani wasa na iyalai da masu son yawon daji, wanda ya zama ɗaya daga cikin hanyoyin raya suna: a ɓoye ƙaramin akwati, a sadaukar da shi ga wani mutumin tarihi, a saki bayanin hanya cikin salon kacici-kacici, jama'a su fita nema. Cikin waɗanda aka girmama ta wannan hanya har da tsofaffin ƴan wasan besbol baƙar fata. Wasan yana da abin koyi ga Diffa, yana kuma da haɗarin da ya wajaba a faɗe shi tun da wuri.

Kwalba a tsakiyar fadama

Asalin wasan daga Ingila yake. A kudu maso yammacin ƙasar akwai wani daji mai duwatsu da fadamu da hazo, ana ce masa Dartmoor. A shekarar 1854 wani ɗan jagora mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a Cranmere Pool, wuri mai wuyar zuwa a tsakiyar fadama, domin duk wanda ya sha wahala ya isa can ya jefa takarda mai ɗauke da sunansa, ta zama shaidar zuwansa. Da tafiya ta yi tafiya, kwalba ta koma akwati, aka ƙara littafin sa hannu, baƙi kuma suka riƙa barin wasiƙa mai adireshinsu domin wanda ya zo bayansu ya ɗauka ya kai gidan waya. Dalili ke nan da ya sa har yau Turawa ke kiran wasan da sunan akwatin wasiƙa.

A 1938 aka ajiye wani akwatin a Duck's Pool, cikin dajin dai, don tunawa da William Crossing, marubucin da ya shafe rayuwarsa yana bayyana hanyoyin Dartmoor, shekara goma bayan rasuwarsa. Tun daga lokacin akwatin ya sami aiki na biyu bayan nishaɗi, wato riƙe sunan mamaci a wurin da ya yi rayuwa.

Ƙa'idar wasan ba ta da wuya. A cikin kowane akwati akwai hatimin roba, galibi sassaƙar hannu, da ƙaramin littafi. Mai nema shi ma yana tafe da hatiminsa da littafinsa. In ya bi bayanin hanya, taku kaza zuwa gabas, a juya a gindin itace kaza, har ya gano akwatin, sai ya buga hatiminsa a littafin akwati, ya buga hatimin akwati a nasa littafin, ya karanta abin da aka rubuta game da wanda aka sadaukar wa akwatin, sannan ya mayar da kome yadda ya tarar. Babu kuɗi a ciki, babu abin ɗauka. Ribar mai nema ita ce zanen da ya shiga littafinsa da labarin da ya shiga kansa.

Wasan ya ƙetara zuwa Amurka bayan da mujallar Smithsonian ta ba da labarinsa a watan Afrilu na 1998. A farkon watan Mayu na 2000 kuma, da gwamnatin Amurka ta daina dagula wa farar hula saƙon taurarin ɗan Adam na GPS, wani mai suna Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a jahar Oregon, ya sanar da lambobin wurin. Daga nan aka sami ƙanen wasan, wanda ake yi da na'ura ko salula, kuma akwatunansa sun haura miliyan 3 a duniya.

Mai askin da aka kora daga fili

Besbol wasa ne na ƙungiya biyu, kowace da mutum tara. Ɗaya ya jefo ƙwallo mai tauri, girman dunƙulen hannu, abokin hamayya ya maka mata sanda, ya ruga ya kewaye matsayi huɗu kafin a maido ta. Matsayin wasan a zukatan Amurkawa na wancan zamani ya yi daidai da na kokowa a Nijar. Wanda yake son ya gane dalilin da ya sa ake wahalar raya sunayen baƙar fata na wannan wasa, labarin mutum ɗaya ya ishe shi.

An haifi John W. Jackson a watan Maris na 1858 a Fort Plain, jahar New York, ya kuma girma a garin Cooperstown. Mahaifinsa mai aski ne, shi ma ya gaji sana'ar. A filin wasa aka san shi da suna Bud Fowler. A 1878, yana da shekara 20, ya yi wa ƙungiyar garin Lynn wasa, abin da ya sa masana tarihi ke ɗaukarsa baƙar fata na farko da ya shiga gasar ƙwararru mai tsari. Daga nan ya shiga yawon duniya, daga wannan jaha zuwa waccan, har Kanada. Inda duk ya sauka gwanintarsa ta samar masa gurbi, launin fatarsa kuma ya raba shi da gurbin. In wasa ya yanke, aska ce ke ciyar da shi. Ana ba da labarin cewa masu gudu kan zamo masa da takalma masu ƙusa da gangan, har ya riƙa ɗaura ƴan katakai a ƙwaurinsa don kariya.

A 1887 yana ƙungiyar Binghamton, yana samun bugu mai kyau sau 35 cikin 100, abin da sai gwani na gaske ke kaiwa, amma abokan wasansa Turawa suka ce ba za su ƙara shiga fili da shi ba. Shi aka sallama. A watan Yuli na wannan shekara shugabannin gasar suka yanke shawarar daina ɗaukar baƙar fata, ƙofar kuma ta ci gaba da rufuwa har ta rufe ruf. Fowler bai zauna ya yi tagumi ba. Shi da Grant Johnson suka kafa ƙungiyar baƙar fata zalla a Adrian, jahar Michigan, wadda ta fara wasa a 1895 da suna Page Fence Giants, saboda wani kamfanin wayar shinge ne ya ɗauki nauyinta. Suna da taragon jirgin ƙasa nasu, inda suke ci suke kwana, tun da masaukai da yawa ba su karɓar baƙar fata, kuma in sun shiga gari sukan kewaye shi bisa kekuna don kiran ƴan kallo.

Ya rasu ranar 26 ga Fabrairu 1913 a Frankfort, cikin talauci, aka rufe shi babu alama. Bayansa aka yi abubuwa da yawa. Rube Foster ya kafa gasar baƙar fata a 1920. A 1939 aka buɗe zauren tunawa da gwarzayen besbol a Cooperstown, garin da Fowler ya yi ƙuruciya, ba tare da sunansa ba. Ranar 15 ga Afrilu 1947 Jackie Robinson ya shiga fili da rigar Brooklyn Dodgers, ya karya shingen wariya a babbar gasa. Duk wannan lokaci kabarin Fowler na nan ba suna, sai a 1987 ƙungiyar masu binciken tarihin besbol, SABR, ta kafa masa dutse, bayan shekara 74. A 2013 Cooperstown ta sa wa wata ƴar hanya sunansa. A 2022, shekara 109 bayan rasuwarsa, aka shigar da shi zauren gwarzaye.

Abin lura shi ne yadda aka yi aka gano shi. Jaridun ƙananan garuruwa na Amurka sun kasance suna buga sakamakon kowane wasa da sunayen waɗanda suka yi shi. Masu bincike suka bi tsofaffin takardun nan ɗaya bayan ɗaya, suka haɗa rayuwar mutumin kamar mai ɗinke tsumma. Takarda ta jira su shekara da shekaru ba ta gaji ba.

Inda babu takarda

A Nijar an yi ƙoƙari gwargwado. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, inda Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya zama sarki na farko, ana da jerin sunayen waɗanda suka ɗaga takobi. Filin kokowar Maraɗi na ɗauke da sunan Kantu, na Doso da sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram da sunan Langa-Langa. Wanda kuma ya yi sa'ar makaɗi, waƙa ta riƙe shi: ba don Ɗan Anace ba, da mutane ƙalilan ne za su san an yi wani ɗan dambe mai suna Shago.

Amma kokowa ba a 1975 aka haife ta ba. Tun kaka da kakanni, da zarar an kawar da amfanin gona, samarin ƙauyuka kan bi gari gari suna neman abokin karo, a ƙasar Hausa da ƙasar Barebari duka. Waɗannan mazaje babu jaridar da ta buga sunansu, babu kaset ɗin da ya ɗauki kirarinsu. Ma'ajiyarsu ɗaya ce, ita ce bakin tsofaffin da suka gan su da ido. Wanda ke ganin suna ba ya ɓata, ya dubi Birnin Gazargamu, can ƙetaren iyaka a jahar Yobe ta Nijeriya, kusa da wannan kogi: ya yi sama da shekara 300 yana fadar daular Barno kafin ya faɗi a 1808, yau kufai ne da ɓaraguzan jan bulo. In babban birni ya koma haka, ina ga sunan ɗan kokowar ƙauye?

Kwarin Komadugu kuma yana da wani dalili na gaggawa da sauran jahohi ba su da shi. Kogin ya raba Nijar da Nijeriya na tsawon kimanin kilomita 150 kafin ya faɗa Tafkin Cadi kusa da Boso, kuma a bakinsa ake noman tattasan da ya yi wa Diffa suna a kasuwannin ƙasashen biyu. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 ƴan Boko Haram suka kai hari Boso da Diffa. Aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, ƴan kabu-kabu suka rasa abin yi, aka tsayar da cinikin tattasai har 2017, na kifi har 2019. Bayan harin Boso na watan Yuni 2016, dubban iyalai suka zube a gefen babbar hanyar kwalta cikin bukkokin zana da tamfol, yawan ƴan gudun hijira a jahar ya haura 200,000. A watan Yuni na 2021 aka fara mayar da wasu gida, aka soma da mutanen Baruwa, amma ƙauyuka da dama sun tarwatse ke nan.

Ma'anar wannan ita ce, akwai yaran da aka haifa a sansani, yanzu sun kai shekara goma, ba su taɓa ganin dandalin da kakanninsu suka yi kokowa ba. Tsofaffin da suka san sunayen kuwa, wasu sun rasu a hijira, wasu na warwatse tsakanin Diffa, Maine-Sorowa, Gigimi da sansanin Sayam. Kowane tsoho da aka kai makwanci, da jerin sunayensa ake rufe shi.

Akwati a ƙasar da ta san bam

To ko za a ɗauko wasan Dartmoor yadda yake a dasa shi a bakin Komadugu? Amsa ita ce a'a, bisa dalili uku.

Na farko shi ne tsaro. Garin da bam ya taɓa tashi a kasuwarsa a watan Fabrairu na 2015, jahar da aka sha binne nakiya a kan hanyoyinta, ba wurin da za a koya wa yara tonon abin da suka gani a ɓoye ba ne. Shekaru aka yi ana gargaɗinsu cewa kada su taɓa abin da ba su sani ba, kuma wannan gargaɗi ya fi kowane wasa daraja. Haka nan mutumin da aka gani yana sanɗa a gindin itace da ƙunshi a hannu yana iya rasa ransa kafin ya sami damar bayani. Ko a Ingila mai zaman lafiya abin ya taɓa ɓaci: a watan Yuli na 2011 aka rufe tsakiyar garin Wetherby na sa'o'i, soji suka fasa wani akwati da aka zaci bam ne, ashe na masu wasan ne.

Na biyu shi ne al'ada. A ƙasar Hausa da ta Barno, wanda aka kama yana binne abu mai rubutu a ƙofar gida ko kan mararraba, sammu za a ce ya yi. Kusa da maƙabarta kuwa abin ya fi muni. Girmamawar da za ta jawo wa iyalin mamaci zargi ba ta yi amfani ba.

Na uku shi ne kogin kansa. Ambaliyar 2019 da ta 2022 sun nuna cewa Komadugu, wanda kan janye da rani har a ƙetare shi da ƙafa a wasu wurare, yana iya cinye unguwa sukutum. Abin da aka binne a gaɓarsa da bazara, ba lalle a same shi da kaka ba.

Ajiya a hannun fatoma

Sai dai ƙasar nan tana da wata tsohuwar al'ada da ta fi ramin ɓoyo aminci, ita ce ajiya. Tun zamanin ayarin gishirin Manga da kanwa, fatake kan bar dukiyarsu a hannun fatoma, mai masaukin da ke saukar da baƙo, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye. Kalmar ma daga Barbarci ta shigo Hausa. Har gobe direba kan bar saƙo a rumfar ɗan kasuwa, a zo bayan wata guda a same shi yadda aka bar shi. A Dartmoor ɗin ma akwai akwatunan da ke hannun masu masaukai da gidajen abinci, sai an tambaya a miƙo.

Ke nan ana iya ajiye akwatin a sarari, a kan kantar mai shago, ko ofishin daraktan lakwal, ko zauren bulama, a cikin roba mai gani-har-hanji, a bar ɓoyon ga bayanin hanya kaɗai. A ce wa ɗalibi, alal misali, ya tashi daga tashar mota ya sa gabas a gaba, ya wuce masu jan zinariya da ke sa atishawa, ya nemi rumfa ta uku wadda mai ita ke auna abin da ba ya ci. In ya warware, ya yi sallama, ya faɗi sunan gwarzon da yake nema, a miƙo masa akwati. A ciki ya tarar da hatimi, da littafin sa hannu, da takarda ɗaya mai tarihin mutumin: sunansa da na ƙauyensu, zamanin da ya yi tashe, da waɗanda ya kara da su, cikin Barbarci ko Fulatanci ko Hausa, da boko da ajami, da fassarar Faransanci. Jerin wuraren kuma ya kasance a hannun magajin gari da jami'an tsaro tun kafin yaro ɗaya ya fita.

Amma akwati shi ne mataki na ƙarshe. Aikin farko shi ne tattara sunaye, kuma nan ne nauyi ya hau kan ma'aikata. Malaman lakwal na iya tura ɗalibai da littafi da biro wurin kakanninsu. Ma'aikatar matasa da wasanni ta san tsofaffin ƴan kokowa da makaɗansu da alƙalan wasa. Gidajen rediyon karkara na da na'urar ɗaukar murya. Lawanai da bulamomi sun san inda mutanen kowane ƙauye suka koma. Ya kamata kada a rubuta labari sai an ji shi daga baki biyu da ba su haɗa gida ba, domin kowa gwarzon garinsu ne bai taɓa faɗuwa ba, kuma kada a sa sunan mamaci a akwati sai da yardar iyalinsa.

Ƴan kasuwa kuma nasu rabon a fili yake. Kuɗin roba da littafi da sassaƙa hatimi bai taka kara ya karya ba ga mai fataucin tattasai ko banda. Yaron da ya zo neman akwati da ubansa yakan zo, uban kuma da wuya ya fita rumfa hannu rabbana. Bayan wannan akwai riba mai nisa: kamfanin wayar shingen nan na Adrian, yau an fi tuna sunansa saboda ƙungiyar Fowler da ya tallafa wa, fiye da duk wayar da ya sayar.

Bud Fowler ya yi shekara 74 a kabari marar suna, aka kuma gano shi, saboda tsofaffin jaridu sun zauna a ma'ajiya suna jiran mai buɗawa. Mazan jiya na kwarin Komadugu ba su da wannan gata. Shaidunsu mutane ne masu shekara saba'in da tamanin, waɗanda hijira ta riga ta gajiyar, kuma ba su da shekara 74 ta jira. In aka yi wannan aiki da ransu, watarana yaron da ke tallan ruwa a bakin filin kokowar Diffa zai iya buɗe littafinsa ya nuna hatimin gwarzon ƙauyensu, ya faɗi sunansa. Allah ya kawo dawwamammen zaman lafiya a jahar Diffa, ya mayar da kowa gidansa.